Allon Ƙofa Mai Rubutu Biyu: Kundin Aikina kan Tarihin Manchu

17 Fabrairu, 2024

Yau na buɗe wannan kundi don in riƙa ajiye inda aiki ya kwana. Aikin ƙaramin littafi ne da Hausa, shafi 60 zuwa 70, a kan mutanen Manchu: yadda suka shiga Beijing da yaƙi a 1644, suka mulki ƙasar Sin shekara 268, suka sauka daga mulki yawancinsu ba su jin harshen kakanninsu.

Shekarata ta uku ke nan a Shenyang, babban birnin lardin Liaoning a arewa maso gabashin Sin, ina karatun injiniya, amma sai a wannan hutun sabuwar shekarar Sinawa na shiga tsohuwar fadar garin, wadda aka soma ginawa a 1625. Sanyi kamar ya tsinke kunne. A bisa ƙofofin akwai alluna masu rubutu iri biyu, na Sinanci da wani wanda ya sauko daga sama zuwa ƙasa kamar igiya mai ƙulli-ƙulli. Na karkata kai sai na ga kamar ajami ne aka tsayar da shi a tsaye. Na tambayi mutum huɗu da ke tsaye a wurin, duk 'yan garin, me aka rubuta. Kowa ya karanta mini na Sinancin, ɗayan kuwa suka ce na Manchu ne, ba mai iya shi yanzu. A gidan sarautarsu, a garin da suke kira Mukden da bakinsu. Abin ya tsaya mini a rai har na dawo ɗaki.

Suna na wucin gadi: Zama da Maɗaukin Kanwa. Hujjata ita ce, 'yan tsiraru sun zauna a tsakiyar ɗimbin jama'a har kansu ya yi fari. Babi bakwai na tsara.

Na yi ta juya yadda zan kira su. Hausa za ta so a ce Mancawa, sai dai kalmar ta yi kusa da mancewa, kuma ba adalci ba ne in laƙaba wa al'umma sunan da ya yanke musu hukunci tun kafin a ji labarinsu. Zan tsaya a kan "mutanen Manchu" da "harshen Manchu".

3 Maris

Babi na ɗaya ya kammala, shafi tara.

Kamar da na gani tsakanin rubutun nan da ajami ba ruɗin ido ba ne. A 1599 Nurhaci, wanda ya haɗa kan ƙabilun Jurchen, kakannin Manchu, ya umarci malamai biyu, Erdeni da Gagai, su ɗauki baƙaƙen Mongol su rubuta harshensu da su. Mongol sun karɓa daga Uigur, su kuma daga mutanen Sogdiya, haka silsilar ta tafi har rubutun Aramiyanci, wanda baƙaƙen Larabci ma daga zuriyarsa suka fito. A 1632 wani malami mai suna Dahai ya ƙara ɗigo da 'yan da'irori a gefen baƙaƙen don bambanta sautuka. Duk wanda ya taɓa fama da takardar ajami da ba a yi mata wasali ba ya san irin sauƙin da Dahai ya kawo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sunan kansa sabo ne. Hong Taiji, ɗan Nurhaci, shi ya ba da umarni a 1635 a daina cewa Jurchen, a ce Manju. Shekara guda bayan nan ya raɗa wa daular suna Qing, ana furta shi Cing. Wato al'ummar da nake shirin ba da labarin narkewarta, shekara tara kacal take da ita da wannan suna ranar da ta shiga Beijing.

Na koma fadar don in ga filin da ke gabas. Zaure mai kusurwa takwas a ƙurya, ɗakuna goma a jere hagu da dama, biyu na manyan hafsoshi, takwas na Tutoci Takwas. Tuta a nan ba ƙyalle kaɗai ba ce. Rawaya, fara, ja, shuɗiya, kowacce da wadda aka yi wa baki da wadda ba a yi wa ba, kuma duk namiji da matarsa da 'ya'yansa da barorinsa an rubuta su a ƙarƙashin ɗaya. A tuta ake haihuwarka, a cikinta kake cin abinci, da ita kake fita yaƙi.

24 Maris

Azumi ya rage mini gudu. Bayan asuba kawai nake samun awa ɗaya.

Babin aski nake ciki, kuma shi ya fi kowanne taɓa ni. A 1645 Dorgon, wanda ke riƙon sarauta saboda sarki Shunzhi yaro ne, ya ba da wa'adin kwana goma: kowane namiji a ƙasar ya aske gaban kansa, ya bar tukku a ƙeya ya kitse shi irin na Manchu. Maganar da ta bazu a lokacin ita ce, ka riƙe gashi ka rasa kai, ko ka riƙe kai ka rasa gashi. Mai karatu Bahaushe zai ce mene ne abin mutuwa a kan aski, mu da wanzami ke zagayo gida-gida. Dole in yi bayani a tsanake. A koyarwar Konfushiyos, jiki da fata da gashi amana ce daga iyaye, ba a taɓa su. Baligi ba ya aski, ɗaure gashinsa yake a tsakiyar ka. Sanya masa aska daidai yake da a ce ya tsaya a bainar jama'a ya yi wa uwa da uba butulci. Garuruwan da suka riga suka miƙa wuya sai suka sake tayarwa. Jiangyin ta rufe ƙofofinta kwana 81 kafin a ci ta a hallaka mutanenta. Jiading sau uku ana yi mata kisan kiyashi a shekarar.

Gyara: a zubin farko na sa kisan Yangzhou cikin sakamakon dokar aski. Kuskure ne. Na Yangzhou a watan Mayu aka yi shi, dokar ta biyo baya. Na mayar da shi inda ya dace.

Kitson farkon ɗan siriri ne, har ana gwada shi da ramin tsabar kuɗi. Mai kaurin nan da muke gani a tsofaffin hotuna daga baya ya zo. Ga kuma abin da ban yi tsammani ba: maza an tilasta musu sun bi, amma da sarki Kangxi ya hana ɗaure wa 'yan mata ƙafa don ta zama ƙarama, al'adar 'yan Han, ƙabilar da ta fi rinjaye a Sin, wadda matan Manchu ba su yi, dokar ba ta kai shekara biyar ba aka janye ta. Takobi ya isa kan namiji a kasuwa, bai isa cikin gida ba.

20 Afrilu

Na tura wa Baffa babi uku kafin sallah. Tsohon malamin makaranta ne, ba ya barin waƙafi ya wuce shi. Jiya ya kira ni.

"Ɗana, ai wannan labarin gidanmu ne ka je Sin ka ɗauko. Tuta da tuta, sarauta da sarauta. Kakanka Fulatanci yake mafarki da shi, ubanka yana ji ba ya mayarwa, kai ko gaisuwa."

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Baffa, gaskiya ne, kuma shi ya sa allon nan ya hana ni barci. Amma ina tsoron in sa shi a littafin."

Ya ce in faɗi dalili. Na ce masu jihadin 1804 da jama'ar da suka mulka alƙiblarsu ɗaya, sun yi auratayya, ba wanda ya gina ganuwa tsakaninsa da maƙwabcinsa. Sannan Fulatanci yana da ruga. Ko ya fita daga bakin 'yan birni, miliyoyi na magana da shi daga Senegal har Sudan. Harshen Manchu kuwa rugarsa ce ta cika da baƙi. Sarakunan Qing sun daɗe suna tsare ƙasarsu ta asali, har da shingen itatuwa da ramuka, amma daga 1860 aka sassauta, manoma daga Shandong da Hebei suka yi ta kwarara har 'yan ƙasa suka zama ɗigo a cikinsu. Baffa ya yi shiru, ya ce to in rubuta haka ɗin, a sakin layi ɗaya, kada in ɓoye kuma kada in ja. Na yarda.

Matsalar da ta fi wannan girma tana babi na huɗu. Karin maganar kanwa tana nufin cuɗanya ce ta jawo. To amma ba su cuɗanya ba. A 1648 aka fitar da farar hula 'yan Han daga cikin birnin Beijing zuwa unguwannin kudu, aka bar wa mutanen tuta. A Xi'an, Hangzhou, Nanjing, Chengdu, Guangzhou, an keɓe musu unguwa, galibi da ganuwarta. An hana su kasuwanci da sana'ar hannu, an hana aurar da 'ya'yansu mata ga farar hula, ana ba su azurfa da shinkafa daga baitulmali. Duk da haka a cikin ganuwar harshen ya mutu. Mai reno da mai kawo ruwa da mai sayar da kayan miya da mai wasan kwaikwayo duk Sinanci suke yi, kuma yaro abin da ya ji shi yake faɗa.

Ƙari a kan haka, tutocin ba na Manchu zalla ba ne. Akwai na Mongol, akwai na 'yan Han da suka bi su tun kafin 1644. A Beijing har ana cewa ba a tambayar Manchu ne ko Han, ana tambayar ɗan tuta ne ko farar hula. Na fara zargin cewa abin da ya riƙe su rajista ce da albashi, ba harshe ba.

25 Mayu

Yau 18 ga wata na huɗu a kalandar Sinawa. Na je gidan ibadar zuriyar Sibe da ke nan cikin gari, saboda ranar tunawa da ƙaurarsu ce.

Sibe 'yan uwan Manchu ne na kusa, harshensu kusan ɗaya, kuma suna cikin tutoci. A 1764, bayan sarki Qianlong ya gama da Zungar, wasu ƙabilun Mongol, a yamma mai nisa, ya sa aka zaɓi sojojin Sibe kimanin dubu ɗaya da iyalansu, mutum fiye da dubu uku, a kai su kwarin Ili su tsare iyaka. A wannan harabar suka taru da danginsu suka ci abincin bankwana. Tafiyar ta haura shekara, da amalanken shanu da raƙuma, ta cikin ƙasar Mongol. Ba su dawo ba.

Na daɗe a gaban taswirar hanyar. Wata tsohuwa tana nuna wa jikanta layin da yatsa, daga gabas har ya ƙure bango, tana yi masa bayani da Sinanci. Wannan shi ne abin: Sibe da suka zauna a gida, nan Liaoning, su suka fi yawa, kuma harshen ya fita daga bakinsu. Waɗanda aka tura bakin duniya su suka riƙe shi. A can sai da suka ciyar da kansu. Daga 1802 zuwa 1808 suka haƙa babbar hanyar ruwa daga kogin Ili, suka kira ta Cabcal, wato rumbu, kuma sunan gundumarsu ke nan har yau. Da harshen suke noma, da shi suke rabon ruwa, da shi suke faɗa da sulhu. Har jarida suke bugawa da shi. Rumbun tarihi na ƙasa da ke Beijing yana da takardun Manchu kimanin miliyan biyu, kuma da aka nemi masu karanta su, 'ya'yan Cabcal na cikin waɗanda aka ɗauko.

Wannan zai zama babi mai zaman kansa. Babi takwas ke nan yanzu.

7 Yuli

Wata guda ban taɓa aikin ba saboda jarrabawa.

Na rubuta shafi huɗu a kan Qianlong. Ba za a ce sarakunan ba su farga ba. Tun 1636 Hong Taiji ya tara 'yan majalisarsa ya gargaɗe su da abin da ya sami daular Jin ta kakanninsu, waɗanda suka ɗauki tufafi da ɗabi'un Sinawa. A 1752 Qianlong ya sa aka sassaƙa wannan gargaɗi a dutse a fadar Beijing: a riƙe harshe, a riƙe harbin kibiya a kan doki, a riƙe sutura. Yana tsawata wa jami'an da suka kasa amsa masa da harshen Manchu. Shi ɗin dai ya bar waƙoƙi fiye da dubu 40 da Sinanci. Ban ga munafunci a nan ba. Mutum ne da ke son abu biyu, kuma mulkin ƙasar yana buƙatar duka biyun, sai dai ɗaya ana rayuwa da shi, ɗayan ana yin jarrabawarsa.

Masana ma sun rabu. A 1996 Evelyn Rawski ta ce Qing ta yi ƙarko ne saboda ba ta narke ba, ta iya magana da Mongol da Tibet da Musulmin yamma kowa ta hanyarsa. A 1998 Ho Ping-ti ya mayar mata da martani mai zafi cewa rungumar tsarin Sinawa ne sirrin. Zan kawo duka a taƙaice. Ni dai na fi karkata ga cewa tambayar "sun narke ko ba su narke ba" ta haɗa abubuwa uku da ba tare suka tafi ba: harshe, suna, da matsayi.

18 Agusta

Wanda muke aiki tare a ɗakin gwaji ya ga hoton allon a kwamfutata, ya ciro katin shaidarsa ya nuna mini. A gurbin ƙabila an rubuta Man, wato Manchu. Shekara biyu muna cin abinci a teburi ɗaya ban sani ba. Ya gayyace ni ƙauyensu a gabashin Liaoning, muka je ranar Asabar.

Tsohon ɗakin kakarsa yana nan. Gadon tubali ne ya zagaye bango uku, ana hura wuta hayaƙin ya bi ta ƙarƙashinsa, kamar gadon ƙasa na mai jego a wajenmu, sai dai nan kowa a kansa yake kwana. Na nufi ɓangaren yamma zan zauna, ya riƙo hannuna da sauri. Nan wurin kakanni ne, ba a zama. Bututun hayaƙin ba a kan rufi yake ba, daga ƙasa aka gina shi a gefen ɗaki, daidai da wanda na gani a fadar Shenyang. Ya ce kakarsa huji uku ne a kowane kunnenta, ba ta yarda a ci naman kare ko a jefi hankaka. Aka kawo mana sacima, soyayyen ƙulli da aka haɗe da zaƙi aka yanka murabba'i, ɗan uwan alkaki. Ana sayar da shi a kowane kanti a Sin, kuma sunan na Manchu ne.

Na tambaye shi kalma nawa ya sani. Ya ce ɗaya: ama, wato uba.

Ya ce shekaru masu yawa gidansu a Han aka rubuta su, sai a shekarun 1980 mahaifinsa ya je ya canza. A hanyar dawowa na yi ta tunanin babi na shida, wanda nake gudun rubutawa. 'Yan tawayen Taiping, waɗanda suka saki gashinsu don nuna sun fita daga biyayya, da suka ci Nanjing a 1853 sun karkashe mutanen unguwar tuta. A Oktoban 1911, bayan boren Wuchang, wanda ya kai ga faɗuwar daular Qing, an sake yin haka a Xi'an, dubbai suka mutu. Waɗanda aka kashe ɗin yawancinsu Sinanci kawai suke ji. Ganuwar da rajistar su suka nuna su, mata kuma ƙafarsu da ba a ɗaure ba. Rasa harshe bai cece su ba.

Daga nan aka shiga ɓuya. Aisin Gioro, zuriyar sarauta, da yawa suka koma Jin, don Aisin da Jin duka zinariya suke nufi. Guwalgiya suka koma Guan, Tunggiya suka koma Tong, Fuca suka koma Fu. Albashi ya yi ta raguwa har ya yanke, mutanen da aka hana sana'a shekara fiye da 250 suka fita jan keken ɗaukar mutane a titunan Beijing.

18 Satumba

Da ƙarfe 9:18 na safe jiniya ta tashi a duk garin, motoci suka tsaya suna busa ƙaho. Haka ake yi kowace shekara, don a daren 18 ga Satumba 1931 sojojin Japan suka dasa bam a layin dogo a gefen Shenyang, suka fake da shi suka mamaye arewa maso gabas. A 1932 suka kafa ƙasar da suka kira Manchukuo, suka ɗora Puyi, sarkin ƙarshe na Qing, wanda aka sauke a Fabrairun 1912 yana ɗan shekara shida. Sunan Manchu aka ara, mulki na Japan ne, amma tabon ya sauka a kan masu sunan. Puyi da kansa ya ce daga darussan harshen da aka yi masa kalma ɗaya ya riƙe, ili, wato tashi, wadda yake faɗa wa fadawa idan sun durƙusa. A filin jirgin saman garin nan sojojin Sobiyet suka kama shi a 1945.

Na saka alƙaluman ƙidayar mutanen Manchu a babi na bakwai. A 1953, miliyan 2.4. A 1982, miliyan 4.3. A 1990, miliyan 9.8. Haihuwa ba ta ninka al'umma haka cikin shekara takwas. Mutane ne irin mahaifin abokina suka fito suka karɓi sunansu, bayan an kafa gundumomin Manchu masu cin gashin kai na farko a Liaoning a 1985. Wasu za su ce ƙarin makin jarrabawar shiga jami'a da ake ba 'yan ƙananan ƙabilu a lokacin ne ya jawo su. Akwai wannan, kuma zan rubuta shi. Amma na ga yadda aka riƙe mini hannu a bakin gadon yamma, kuma wannan ba don maki ba ne.

12 Oktoba

Shafi 58 a hannu. Babi shida sun tsaya da ƙafarsu, na shida yana buƙatar sake zubi saboda na rubuta shi da zafin rai, na takwas ko fara shi ban yi ba.

Na cire sunan kanwa. Baffa bai so ba, ya ce yana da daɗin faɗa. Na ce masa mai farin kai wanka yake yi ya koma yadda yake, waɗannan kuwa sunan ya dawo musu mutum miliyan goma, harshen bai dawo ba. Ya ce to in nemo wani kafin ya gama duba babi na biyar.

Babi na takwas a kan ƙauyen Sanjiazi ne, a gundumar Fuyu kusa da Qiqihar, inda 'yan tsirarun tsofaffin da suka tashi da harshen a bakinsu suka rage, kuma makarantar firamaren garin tana koyar da shi. Ba na son in rubuta shi daga abin da na karanta. Abokina ya ce zai raka ni idan muka sami hutun mako, kafin ƙanƙara ta sauka a Heilongjiang, lardin da ƙauyen yake. Ya roƙe ni in kwafo masa baƙaƙen a takarda. Na iya goma sha biyu zuwa yanzu, kuma jiya da dare na rubuta masa ama, daga sama zuwa ƙasa, ya ɗauki hotonta ya tura wa mahaifinsa.

Abin yi a wannan mako: sayen tikitin jirgin ƙasa, tsara tambayoyi goma da Sinanci mai sauƙi, da aron na'urar ɗaukar murya.